Jan Farce a Jikin Sirinji

Ranar da Mai Waya, mai gyaran wayoyi, ya fara shiga kemis ɗin, yana saɓe da yarinya a kafaɗa, takardar likita a hannu, gumi har wuya. 'Yar Kemis ta ɗago, suka haɗa ido, bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, magani ko kallo?" ta ce.

Ya miƙa takardar a kunyace. "'Yar marigayiya yayata ce, Kuti. Farfaɗiya take yi. Likita ya rubuta 0.125g, kwalba kuma ta ce 250mg a 5ml. Kaina ya ɗaure."

"Matsar da ɗigon gida uku, giram ya koma miligiram. Ka ga 125. Rabin 250 ke nan, don haka rabin 5ml za ka ba ta."

"2.5?"

"Biyu da rabi. Ashe da kai a wuyan."

Ta zaro jan farcenta daga jaka, ta ɗauko sirinjin ba da magani ta ja siririn layi a jikinsa. "Nan za ka tsaya. In ta ƙara nauyi, likita zai sauya, sai ka dawo."

Ai kuwa daga ranar Kuti ta shiga uku da ci. Ƙwai, madara, ayaba, ɗura kawai yake mata, kullum tana kan sikeli. Da 'Yar Kemis ta gano dalili, dariya ta yi har da riƙe ciki.

Saƙonni suka fara yawo.

"0.5 ɗina, kin ci abinci?"

"Rabin ranka ta ci. 0.25 fa?"

"Kwata. Abin da ya rage na hankalina tun da na gan ki."

Da maganar aure ta isa gidan su 'Yar Kemis, Umma ta yi tsalle ta dire. "Ki fara aure da jinya? Ga ɗan aminiyata yana ta sintiri da mota. In yana son ki, ya miƙa yarinyar ga dangi."

Mai Waya ya ce komai zai yi ban da wannan. 'Yar Kemis ta sha kuka, ta kuma ƙara son sa.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Abba, ta kai wa Mai Waya gyara, ta dawo tana haki. "Jan farce na gani a tagar ɗakinsa. Gwauro da jan farce? Akwai wata."

'Yar Kemis ta duba, nata yana cikin jakarta. Ta rubuta: "Na wa ne?" Wayarsa na can cikin tulin wayoyin mutane, shiru.

Umma ta yafa mayafi. "Taso, yau za ki gani da idonki."

Suka same shi durƙushe gaban Kuti, harshe a waje, yana jan layi a sabon sirinji. Ya miƙe a rikice ya gaishe su.

"Wannan na wace ce?" Umma ta nuna kwalbar jan farcen.

"Nawa ne, Umma. Likita ya mayar da shi 0.175g, wato 175mg, uku da rabi ke nan. Kin hana ni zuwa kemis, shi ne na sayi nawa. Mai shagon har tsokanata ya yi."

Kuti ta buɗe baki da kanta, ta shanye, ta ruga ta kama zanen Umma. Umma ta dubi tagar. Tsofaffin sirinji ne jere a wanke, kowanne da jan layinsa, kowanne ya ɗara na baya. Sai ta ɗauki yarinyar.

"Tubarkalla, nauyi kamar buhu. Me kake ba ta?"

'Yar Kemis ta rufe fuska tana dariya, hawaye na zuba.

Ranar biki gida ya cika maƙil. Da ango ya zo tafiya da amaryarsa, ya miƙa hannu zai karɓi Kuti, Umma ta make hannun.

"Wannan makon tawa ce. Ku tafi, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

"Umma, maganinta..."

Ta zaro sirinji daga jakarta, da jan layi a jiki.

"Uku da rabi, safe da yamma. Ɗana, kama hannun matarka ku wuce."