Godiyar da Tilo Ta Riƙe

"Tilo, me ake cewa?" in ji mamanta.

Yarinyar ta rungume 'yar kujerar da Kafinta ya haɗa mata, ta turo baki gaba.

"Ba da ke nake ba? Me ake cewa in an ba mutum abu?"

"Ƙyale ta mana, farin cikina," in ji Kafinta yana murmushi. "Kujera ce fa, ba mota ba."

"Wallahi ba zan ƙyale ta ba!"

Maman Tilo ji take kamar ta fashe. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke rainon yarinyar nan, kuma ba abin da ta dage a kai kamar godiya. Mai kawo ruwa, na gode. Maƙwabciya ta miƙo ashana, na gode. Kai, har mai allura sai da Tilo ta gode masa, majina shaɓe-shaɓe! Amma mutumin da ya gyara musu ƙofa, ya ɗaure ƙafar gado, yake ta zaryar neman auren uwarta, shi ne ko tari ba ta yi masa.

Ya kawo takalmi, shiru. Ya kawo fensirori masu launi, shiru. An yi lallashi, an yi zaren ido, an hana ta fita wasa, duk a banza.

Maman Tilo ta ja shi bakin ƙofa.

"Ka dai gani da idonka. Ba ta son ka. Ni kuma ba zan kai ta inda za ta zauna da ƙunci ba... Mu bar maganar nan."

"Kan kalma biyu za ki kore ni?"

"Kan 'yata."

Ya sunkuya ya ɗauki jakar kayan aikinsa.

Ta juyo wajen Tilo a fusace, hawaye na zuba. "To hankalinki ya kwanta! Ko yanzu ki yi masa godiya ya tafi, kada a ce ban koya miki ba."

"A'a!"

Tilo ta yar da kujerar, ta ruga ta cafke ƙafarsa.

"Ba zan faɗa ba! In na faɗa tafiya ake yi! Mai ruwa ya tafi, mai allura ya tafi... Baba ma da ya ba ni alewa a asibiti kika ce in ce na gode. Na faɗa, bai dawo ba!"

Maman Tilo ta dafa bango. Ashe yarinyar nan riƙe shi take yi, da iya abin da ta sani!

Kafinta ya ajiye jakar, ya durƙusa.

"Uwata, gwada ni. Faɗa ki gani."

Ta ƙara matse shi, ta rufe ido gam. "Na... gode."

"Buɗe ido."

Ta buɗe ɗaya.

"Ga ni."

"Na gode!"

"Ina nan dai."

"Na gode takalmi! Na gode fensir! Na gode ƙafar gado!"

"To a hankali, kada ki ƙarar, uwarki ba ta samu ba."

Maman Tilo ta share fuska da gefen mayafi, dariya da kuka sun haɗe mata. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na gode."

Ya ɗago ya kalle ta. "Ke kam kin jawo wa kanki. Babu inda za ni."