Jan Takalmi a Kwatar Nima

Tun la'asar ake tsuga ruwa a Nima. Da babbar kwata ta cika, Nasira ta yi abin da maƙwabta ke yi: ta wurga ledar shararta ruwa ya tafi da ita, har da tsohon jan takalmin jaririyarta.

Bayan magariba aka ɗauke wuta, ruwa ya kai mata ƙugu a cikin ɗaki. Tana ta ihu, sai ga kwalekwale a bakin taga, wani tsoho na tuƙawa.

"Shigo, 'yata."

Ta haura da goyonta tana godiya. Sai da suka wuce masallaci ta lura sandarsa ba ta ƙara in ta shiga ruwa, kuma duk ruwan nan rigarsa a bushe take.

"Baba, ba nan ce hanyar titi ba! Ƙarƙashin gada muka nufa!"

"Gida dai. Duk sanda aka yi ruwa kuna aiko mana da kaya."

Ya buɗe tafin hannunsa. Jan takalmin nan ne.

"Matata ta ga wannan, ta ce lallai in kawo mata mai ƙafar."