Gidan da Aka Ɓoye

Ƙarfe tara na safe Shafi ya sabunta kansa, fitilun Sabuwar Tsanyawa suka ƙifta sau ɗaya. Da Shafin nan injinan garin ke gani. Kowane mutum akwati ne a cikinsa, da alamar buɗewa da ta rufewa. A jikin ta buɗewa ake rubuta sifofi: suna, shekaru, unguwa. Salon da aka ɗora wa akwati kuwa, duk abin da ke cikinsa sai ya gada.

Tasi'u ma'aikacin Shafi ne, shi ya rubuta gidansu bara. Ƙa'ida ita ce kowa da akwatinsa, a jere. Mahaifinsa, Malam Ila, ya leƙa allon.

"Wannan wane ne kusa da ni?"

"Ni ne, Baba."

"Kafaɗa da kafaɗa? To sannu, abokina."

Tasi'u ya ja alamar rufewar tsohon zuwa ƙasa, mutum tara na gidan suka koma cikin akwatinsa.

Ranar Talata aka binne Malam Ila. Laraba ofishin rajista ya ƙara wa akwatinsa salo ɗaya, wanda ake sa wa kowane mamaci: ɓoye.

Da hantsi ciwon ƙirjin Inna, mahaifiyar Tasi'u, ya tashi. Wayar Tasi'u ta ƙi gane shi, sai maƙwabci ya kira motar asibiti. Ta iso, babu direba kamar kullum, ta haska zauren, ta ce, "Babu kowa a wannan gida." Ta juya.

Nan Tasi'u ya gane: duk gidan sun gaji ɓoyen akwatin mahaifinsa. Gyaran layi ɗaya ne, minti biyu. Amma ƙofar ofis ba za ta buɗe wa wanda babu shi ba.

Ya ari baro, ya shimfiɗa bargo, ya ɗora Inna. A titi motoci ba sa rage gudu. Ya dinga bin gefen kwata.

"Tasi'u, ina motar?"

"Ga mu nan, Inna. Mun kusa."

Ƙofar asibitin gilashi ce. Ta ƙi motsi. Ya buga da tafin hannu, ya sake bugawa. Wata nas ta ɗago kai daga teburinta. Ta ga baron, ta ga tsohuwar, ta ga gumin da ke fuskarsa. Sannan ta dubi allonta, ta daɗe tana duba.

Sai ta kira sashen gyara, ta ce musu gilashin ƙofa yana nuna mutane.