Muryoyin da Aka Ajiye wa Sufeto Varkey

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga ɗakin karatun wani ƙauye, can bakin ruwa a Kuttanad. An sace faifai biyu na uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanai, na aiki da na ajiya.

Sufeto Varkey bai tura kowa ba, da kansa ya shiga kwale-kwale. A faifan nan aka adana muryoyin tsofaffin matuƙan kwale-kwale, waƙoƙin tuƙinsu da hirarsu, kuma yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Cikinsu har da mahaifinsa Ouseph, wanda ya rasu bara. Varkey bai taɓa zuwa ya saurara ba. Kullum sai gobe, kamar gobe tasa ce.

Malama Radhamani, tsohuwar malamar makarantar da ke kula da wurin, ta nuna masa na'urar. An cire faifan, an mayar da murfi, an ɗaure kowane noti tsaf. Ga sabuwar kwamfuta a kan tebur, ko ƙura ba a share mata ba.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Sufeto. "Wa ke taɓa na'urar?"

"Ni kaɗai. Manhajar Debian na sa mata, shekara da shekaru ba ta taɓa yi mini tari ba."

"Mabuɗi fa?"

Ta ce ita kaɗai ke da shi. Da ya tsare ta da ido, sai ta yarda cewa akwai wani a hannun Sajeev, mai gyaran kwamfuta da ya dawo daga Dubai, wanda ke taimaka musu kyauta. Ta rantse ba zai aikata ba, ɗalibinta ne tun yana yawo ba wando. Matsalarsa ɗaya, baki. Kullum yana yi mata tsiya wai Debian dutsen niƙan kaka ne, a sa manhajar Arch, mai sabuntawa kowace safiya. Ita kuma takan ce masa a kan kwamfutarsa ya yi rawar da yake so, amma uwar garke ba filin wasa ba ce.

A shagon shayi, mai shagon ya ajiye wa Sufeto soyayyar ayaba, ya ce ai tun shekaranjiya suka samu lafiyar kunne. Sajeev, wanda ko liman ya zauna kusa da shi sai ya yi masa wa'azin Arch, ya zo ya sha shayi bai ce wa kowa uffan ba.

Sufeto ya same shi a shagonsa, idanu jawur. Ya ce rabonsa da ɗakin karatu ya fi wata, mabuɗin ma ya ɓata. Varkey na jin sa, amma idonsa na kan kwamfutar da ke buɗe a gefe. A fuskarta akwai jar alama mai murɗewa kamar katantanwa, alamar Debian, irin wadda ya gani manne a jikin na'urar Malama.

"Wannan ba dutsen niƙan kaka ba ne?"

Sajeev ya miƙa hannu zai rufe kwamfutar.

"Duk ƙauyen nan sun san ka da zaginsa. Yaushe ka tuba? Kuma me ya sa?"

Mutumin ya dafe kai. Ya ce so ya yi ya burge Malama, ta zo ta tarar na'urar na gudu da Arch, ta yarda sau ɗaya a rayuwa cewa ya fi ta sani. Wurin sakawa ya zaɓi faifan da bai kamata ba, ya shafe na aiki. Hankalinsa ya tashi, ya ce bari ya kwafo daga na ajiya. Cikin gaggawa, sai ya juya kwafin baya da gaba, ya zuba wofi a kan cikakke. Ya kwashe faifan ne don a ce ɓarayi ne. Debian kuwa ya sa wa tasa kwamfutar ne saboda ya daina yarda da hannunsa.

Ya jawo aljihun tebur, ga su nan naɗe cikin tawul.

"Za a iya dawo da wani abu?"

"Na gwada duk dabarar da na sani, Yallaɓai. Ko numfashi ɗaya bai rage ba."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Malama na tsaye a bakin ruwa tana kuka, kuma ba wanda ya san ko muryoyin take yi wa ko ɗalibin.

Cikin kwale-kwale Varkey ya daɗe yana kallon ruwa. Baƙin ciki ya cika shi, kuma ya san rabin laifin da ke cin sa ba na Sajeev ba ne.

"Ka taɓa sauraron na Ouseph matuƙi?" ya tambayi Sajeev.

"Na saurara, Yallaɓai. Ya yi waƙa, ya yi tari, ya ce a ajiye wa ɗansa ɗan sanda, shi ba ya samun lokaci."

"Rera mini."

Sajeev ya fara. Ya kai baiti na biyu ya tsaya, ya ce iyakar abin da ya riƙe ke nan.

Varkey ya buɗe baki zai ƙarasa masa. Shi ma bai san sauran ba.