Tsofaffin Lasifikokin Kaka

A garinmu Sendai, babu gidan da ke shiga sabuwar shekara da ƙura. Ana saura 'yan kwanaki, kowa sai ya ɗauki tsintsiya.

Akwai wata yarinya a layinmu mai rawar kai wajen aiki. A makon nan ne babanta ya sayo sabuwar na'urar kiɗa mai fitilu, haɗe da wasu 'yan lasifikoki ƙanana.

Mamarta ta ba ta takardun da ake manna wa manyan kayan shara don motar shara ta kwashe su. Ta ce, "Abin da ba a amfani da shi kawai, kin ji?"

Yarinya ta dubi tsofaffin lasifikokin kakanta guda biyu. Na katako ne, duk sun koɗe. Ba ta tambayi kowa ba. Ta manna musu takarda, ta ja su waje ɗaya bayan ɗaya.

Bayan karin kumallo, Kaka ya kawo faifan da marigayiya matarsa Chiyo ta rera waƙa a ciki. Duk ƙarshen shekara sai ya saurare shi. Baba ya kunna shi a sabuwar na'urar.

Muryar ta fito siririya kamar kukan sauro.

Kaka ya ce, "Wannan ba Chiyo ba ce. Ina akwatunana?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Kaka, na fitar da su. Ai na ga mun sami sabuwar na'ura."

Baba ya ce, "Haba, 'yata! Na'ura turo sauti kawai take yi. Lasifika ce bakin da ke magana."

Sai ga motar shara a bakin layi, tana kiɗan da take sanar da isowarta da shi. Yarinya ta fita a guje, ko takalmi babu. Ta tarar ma'aikacin ya riga ya ɗaga ɗaya. Ta rusuna sosai.

"Don Allah, Baba, kuskure na yi! Na kakana ne."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, da na sani da ban wahalar da bayana ba." Har ƙofa ya kai musu.

Baban yarinya ya haɗa wayoyi. Muryar Chiyo ta cika ɗakin, har numfashinta ana ji. Kaka ya rufe ido, yana murmushi yana share hawaye.

Ya dafa kan jikarsa ya ce, "Ke sarauniyar shara, kada dai gobe ki manna mini takarda."

Kowa ya yi dariya. Daga ranar ta gane cewa tsufan abu ba lalacewarsa ba ne, kuma ba a zubar da kayan wani sai an tambaye shi.