Wutar da Ba Ta Sallama

Magariba ce irin ta farkon hunturu a unguwarmu ta bayan kasuwar Margilan. Hayaƙin tanda ya kwanta a kan katangu, an shigo da tumaki, ladan yana gyaran murya. A gidan Tohirjon an shimfiɗa abinci a ɗakin tsohuwarsa, kuma karon farko a cikin sanyi kowa ya zauna ba safa, domin a ranar ne za a kunna sabon daɓen da ya yi.

Shekara goma sha ɗaya Tohirjon ya yi a Rasha yana sa wa mutane tayil mai wayar ɗumi a ƙarƙashi. Ya dawo ne da aka ce masa mahaifiyarsa Hosiyat ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya karye. Ya dawo da kayan aiki, da kuma halin nan na mutanenmu idan sun daɗe a waje, wato su ga komai na gida a karkace yake. Abin da ya fara tsone masa ido shi ne sandali, ramin garwashin da ke tsakiyar ɗakin tsohuwa, wanda ake ɗora wa gajeren tebur da bargo, kowa ya zura ƙafa. Shekara arba'in da biyu tana zuba garwashi a ramin nan da hannunta. Ya ce mai jinya ba ta kwana da gawayi.

Aikin kam ya iya shi, wannan ba a ƙwace masa. Ya cike ramin da tsakuwa, ya shafe da siminti. Ya shimfiɗa waya tana kai tana komowa kamar kunyar gona, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Ya gwada da mita, ya rufe, ya jera tayil, ya sake gwadawa, ya jira wata guda cur har simintin ya bushe. A jikin bango ya kafa ɗan farin akwati mai agogo, wanda zai riƙa kunna wutar da kansa kowace magariba. Duk kwanakin aikin nan tsohuwa tana kwance a gefe tana dukan ƙasa da hannunta mai lafiya, tana wani gurnani a maƙogwaro.

“Oyi, ki kwantar da hankalinki,” yake ce mata, yadda muke kiran uwa a nan, ba tare da ya ɗago ba. “Za ki gode mini.”

Ya ɗauka rigimar tsufa ce, mu ma da muka leƙa haka muka ɗauka.

Da ladan ya kai ƙarshen kira, akwatin ya yi ƙas. Ɗumi ya fara tasowa a hankali. Matarsa Muattar ta yi murmushi ta miƙa masa shayi. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro. Wani ya biyo shi, wani ya sake biyowa. Tohirjon ya fita da niyyar zagin yaran maƙwabta, ya tarar da tsakar gida cike da guntayen gawayi, baƙi a kan dusar ƙanƙara, ga titi shiru ba kowa. Yana tsaye yana juya ɗaya a hannunsa ya ji ihun 'yarsa Barno.

Budurwa ce 'yar shekara goma sha bakwai, mai saƙar alharini, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Ya same ta ta dunƙule a tsakiyar ɗaki, daidai inda ramin yake a da, ta riƙe tafin ƙafafunta tana cewa wuta, wuta. Ya taɓa tayil, ɗumin bai kai na kofin shayi ba. Ya taɓa ƙafarta, ya janye hannu da sauri.

Daga ranar Barno ba ta sake takawa ba. Likita ya duba, ya ɗauki hoto, ya ce bai ga komai ba. Tohirjon ya gwada wayarsa da mita ya fi sau goma, lamba ɗaya take ba shi. Muattar ce ta lura cewa duk sa'ad da akwatin ya yi ƙas yarinyar take sandarewa, ko da an kai ta ɗakin baya. Ya kashe wutar gaba ɗaya. Ihun ya ragu, amma ƙafa ba ta saki ba, gawayi bai daina zuba ba, kuma da rana ta karkata sai a riƙa jin ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin tayil, ƙanana, kamar na yatsun yara. Gidan ya rasa sukuni. Tukunya ta ƙone sau biyu a kan wuta, Tohirjon yana shiga yana fita ba abin da ya ɗauko, tsohuwa kuwa hawaye kawai take yi tana kallon tsakiyar ɗaki.

A rana ta tara Muattar ta yafa mayafi ta tafi wajen Otin Sabohat, malamar da ta koya wa rabin matan unguwar karatun Alƙur'ani, ba ta ko nemi izininsa ba. Malamar ta iso bayan la'asar, gajeruwa, da sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon daɓen.

“Aiki ya yi kyau,” ta ce. “Wa ka tambaya kafin ka yi?”

“Gidana ne, Otin-oyi.”

“Haka ka ce.”

Ta sa aka kwantar da Barno a tsakiyar ɗaki, aka jingina tsohuwa da matashi kusa da ita. Ta turara ganyen isirik da muke korar iska da shi, ta zauna ta fara karatu, a hankali, ba ta ɗaga murya. Haske yana janyewa daga taga. Har aka kira magariba ba ta tsaya ba, babu mai motsi. Can sai Barno ta buɗe ido, ta tashi zaune a miƙe, ta yi magana da muryar wata mace babba, busasshiya kamar toka.

“Ya isa, Sabohat. Ni ma ina sallah.”

“To me ya kai mai sallah jikin 'yar mutane?”

“Ƙafa biyu aka ƙone mini. Ƙafa biyu na riƙe.”

Muattar ta toshe baki. Muryar ta ci gaba, idon Barno yana kan ubanta ba ya ƙiftawa.

“A tokar ramin nan muke tun kafin a haife ka. Shekara arba'in da biyu uwarka ba ta taɓa zuba garwashi ba sai ta yi bismillah ta ce mana mu janye yara. Mu janye, ta zuba, kowa ya ji ɗumi. Kai ka toshe mana ƙofa da siminti. Muka yi haƙuri wata guda a cikin duhu. Sannan ka aiko mana da wutar da ba ta sallama, ɗana yana barci ta bi ta kan ƙafafunsa.”

Tohirjon ya durƙushe. “Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ki ɗauki nawa ƙafafun, ki sake ta.”

“Rufe mana baki,” Otin Sabohat ta ce ba ta ko waiwaye shi ba. “Ba a yi musu tayi.” Ta juya ga yarinyar. “An zalunce ki, ban musa ba. Amma wannan ba ta riƙe cokalin siminti ba, kuma kin san hukuncin wanda ya kama marar laifi. Ɗan naki yana da rai?”

Muryar ta ce, “Yana da rai. Yana ƙasa, shi da 'yan'uwansa. Ni kaɗai na sami hanya, ta ƙafar wannan.”

“In an buɗe muku, za ki sake ta ki tafi?”

“Zan tafi. Amma ba za mu fita kamar ɓarayi ba. Sai mun ji daga bakin Hosiyat.”

Otin Sabohat ta nuna tsakiyar ɗaki da sanda. Tohirjon ya kalli tayil ɗinsa, kuma ina jin kunyar faɗa, sai da ya yi jim.

“Otin-oyi, waya ɗaya ce tal. In na fasa nan, ɗakin gaba ɗaya ya mutu.”

“Tayil ka haifa ko Barno?”

Ya ɗauko guduma. Bugu na uku tayil ya tsage, ya datse wayar da hannunsa, ya yi ta yashe tsakuwa har farcensa ya yi jini. Da ya kai ƙasan ramin wani warin tsohuwar toka ya cika ɗakin, sanyi ya taso ya kaɗa labule. Kowa ya juya ga tsohuwa, wadda ta shekara ba ta haɗa kalma biyu ba.

Bakinta ya yi ta rawa. Yawu ya gangaro, Muattar ta kai hannu za ta goge, ta ture ta. Ta ja jiki da gwiwar hannu har bakin ramin.

“Bis… millah,” ta ce, kowace gaɓa da ƙyar. “Maƙwabta… ku janye yara.”

Hawaye ya zubo daga idon Barno, amma muryar ba tata ba ce. “Mun janye, Hosiyat. Wannan karon da nisa. Allah Ya ba ki lafiya.”

Yarinyar ta sulale a jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta ce ƙafarta sanyi take ji, a ba ta safa. Ba wanda ya motsa da wuri, sai ta miƙe ta je ta ɗauko da kanta.

Sati biyu bayan haka Tohirjon ya fasa sauran daɓen ya sake shimfiɗa sabuwar waya, domin tsohuwa dai tana bukatar ɗumi. Wannan karon ya kewaye ramin ya bar shi a buɗe, ya cire akwatin nan mai agogo ya sa makunni na hannu. Otin Sabohat ta gaya masa ba sauran kowa a ƙasa, ba lallai sai ya yi haka ba. Ya ce ya sani.

Har yau, duk magariba, yakan zo ya durƙusa a gaban shimfiɗar tsohuwa da ƙurar aiki a jikinsa.

“Oyi, in kunna?”

Takan bar shi a durƙushe ya ɗan jima, tana kallon ramin da ba kowa a ciki. Sai ta motsa leɓe ta faɗi abin da ta saba faɗa, sannan ta gyaɗa masa kai.