Ƙunar da ke Ƙarƙashin Ɗankwali

Auta tana zaune a bakin gado, jaririnta ɗan wata huɗu yana barci a cinyarta, ta ƙura wa matajin hannunta ido. Ya cika dam da gashi. Tun da ta haihu gashin gaban kanta yake zuba.

"Innalillahi! Wannan goshi ne ko filin ƙwallo?"

Anti ce, yayar mijinta, ta ɗage labule ba ko sallama. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, take haɗa man gashi a ɗakinta tana sayarwa ta waya.

Auta ta yi murmushin yaƙe. "Baban yaro ya ce in ƙyale shi, zai fito da kansa."

"Ke kuma kin yarda? Namiji ne fa! Ga shi ya tafi aikin waldar ƙofofi har kwana goma, can zai ga masu gashi har gadon baya, ya dawo ya tarar da ƙoƙo." Ta dire wata kwalba a kan gado. "Orijinal ne, haɗina. Ki shafa, ki rufe da leda, ki ɗaura ɗankwali, ki zauna a rana."

"Anti, fatata ba ta da ƙwari. Sabulu mai ƙamshi ma ƙuraje yake feso mini."

"Raki dai! In kika ji yana cizo, to aiki yake yi. Kwastomomina duk haka suke daurewa."

Auta tana son mijinta, so irin wanda ke sa mutum tsoron abin da bai faru ba. Ta shafa.

Ba a jima ba kanta ya ɗauki zafi kamar an kifa mata garwashi. Ta cije leɓe tana ambaton Allah, hawaye na zuba, tana ce wa ranta aiki yake yi. Washegari ta sake. Rana ta uku da ta zo cire ledar, sai ta taho da fata.

Ihunta ya kawo Anti da gudu. Da ta ga jan nama yana tsattsafo da ruwa tun daga goshi har tsakar kai, sai ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Ki rufa mini asiri, Auta. In maganar nan ta fita sana'ata ta mutu, ƙanena kuma ba zai sake kallona ba. So kike ki raba ƴan uwa ciki ɗaya?"

"A kai ni kemis, Anti, don Allah..."

"Kemis tambaya za su yi! Ki rufe kawai, zai bushe. Rantse ba za ki faɗa ba."

Auta ta rantse.

Bai bushe ba. Kwana biyu ɗakin ya fara wari, Hajiya, uwar mijinta, ta tambayi abin da ke faruwa. Anti ta riga kowa buɗe baki.

"Cuta ce, Hajiya, irin mai bin jini. A danginsu take, ɓoye mana suka yi. Kuma ana ɗauka."

Daga ranar aka ware wa Auta kwano da kofi. Aka hana ta shiga kicin. Abin da ya fi ƙunar ciwo shi ne da Hajiya ta sa hannu ta ɗauke jaririn daga shimfiɗarsa.

"Hajiya, nono fa yake sha!"

"Akwai madarar gwangwani. Ba za ki shafa wa jikana ba."

Tana jiyo kukansa ta bango, nono yana jiƙa mata riga, zazzaɓi na kaɗa ta. Ko sujada ba ta iya yi, sai dai ta yi nuni da kai daga zaune. Sau uku ta ɗauki waya za ta kira mijinta, sau uku ta tuna rantsuwarta ta ajiye.

Ranar da mai walda ya dawo, bai ko sauke jaka ba Hajiya ta tare shi a tsakar gida.

"Ka rubuta mata takardarta ta koma gidansu. In ka ƙi, ban yafe ba."

"Hajiya, me ta yi?"

"Shiga ka gani. Amma kada ka taɓa ta."

Ya same ta a rakuɓe a kusurwa, ta rame, ido ya faɗa. Da ya matso sai ta dafe ɗankwalin da hannu biyu.

"Kada ka duba, Yaya. Ka sake ni kawai, ka riƙe ni a ranka yadda ka san ni."

"Wa ya ce miki gashi na aura?"

Ɗankwalin ya manne da ciwon. Ya ɗebo ruwan ɗumi, yana jiƙawa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, tana numfashi sama-sama, har ya rabu. Ya daɗe yana kallo. Sai ga hawaye a fuskar mutumin da ko tartsatsin wuta ba ya sa shi ƙifta ido.

"Shekarata goma sha biyar ina walda. Na san ƙuna in na gan ta. Wannan ba cuta ba ce. Me kika shafa?"

Ta sunkuyar da kai, ta tuna rantsuwarta. Shi ma bai sake tambaya ba, don warin da ke jikin ɗankwalin ya san ɗakin da yake fitowa. Ya leƙa ƙarƙashin gado ya zaro kwalbar, ya fita tsakar gida.

"Hajiya, ki gafarce ni, ki ba ni minti goma."

A gabanta ya naɗe hannun riga, ya zuba man a cikin damtsensa, ya ɗaure da leda, ya tsaya a rana. Anti ta fito ta jingina da bango. Da ya kwance ledar, wurin ya yi ja wur, ya fara tashi.

"Fatar mai walda ke nan, Hajiya. Ina ga tata, da ba ta da ƙwari?"

Hajiya ta dubi hannun, ta dubi ƴarta. "Ke ce?"

"Wallahi ban ɗauka zai kai haka ba..."

"Kika bar ni na raba uwa da ɗanta kwana biyar?"

Tsohuwar ta shiga ɗaki da kanta ta ɗauko jaririn, ta kai shi cinyar Auta, ta durƙusa tana kuka. "Ki yafe mini, ƴata."

A asibiti likita ya wanke ciwon, ya girgiza kai. Ya ce da an zo ranar farko da an ceci wurin, amma yanzu saiwar gashin gaban ta mutu, ba zai sake fitowa ba. Ya ƙara da cewa zubar gashin bayan haihuwa takan tsaya da kanta, da an yi haƙuri da ita wata kaɗan. Wannan maganar ce ta fi kowace sa Auta kuka.

Aurenta ya tsira, ɗanta ya dawo hannunta. Anti ta tattara kayanta ta koma wurin wata ƙawarta, har yau ita da ƙanenta gaisuwa ce kawai. Tabon kuwa yana nan, fari fat, ba ya son rana. Kowace safiya kafin ya fita, mai walda yakan zauna ya shafa mata maganin da yatsunsa masu kanta, wani lokaci tana dariya, sau da yawa tana hawaye.

Ƴan mata, Allah yana tare da masu haƙuri, amma haƙuri iri biyu ne. Wanda Auta ta yi da mutane, Allah ya saka mata da miji mai amana. Wanda ta yi da wuta a kanta kuwa ba ibada ba ne, cutar da kai ne. Jiki amanar Allah ce. In ya yi miki kuka, ki wanke, ki nemi magani, ki faɗa wa wanda ke son ki tun da sauran fata.